Muƙaddamin Alƙali Idan Ya Ci Amana: Hanyoyin Ƙwato Haƙƙin Baligi Mai Rauni a Fiƙihun Malikiyya da Dokokin Nijeriya, da Misali Daga Ƙofar Guga, Katsina

Tsakure

Wannan maƙala tana nazarin hanyoyin da shari'a ta tanada domin ƙwato haƙƙin baligin da hankalinsa ko ƙarfinsa ya gaza, idan wanda kotu ta ɗora bisa dukiyarsa ya yi sakaci ko ha'inci. An gwama nassoshin fiƙihun Malikiyya da Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 da wasu dokokin ƙasa, sa'an nan aka auna su da wata mas'ala da aka ƙaddara aukuwarta a Ƙofar Guga. Nazarin ya nuna cewa muhasaba da tsigewa da lamuni da warware ciniki da ta'aziri duk tanadaddu ne, amma amfaninsu ya rataya bisa abu biyu, watau ƙididdige dukiya a rubuce ranar naɗi, da binciken da alƙali zai riƙa yi da kansa ba tare da jiran mai ƙara ba.

1.0 Gabatarwa

Daga cikin amanonin da shari'a ta ɗora wa alƙali, da wuya a sami wadda ta kai dukiyar mai rauni nauyi, domin kowane mai haƙƙi yana iya tashi ya bi haƙƙinsa da ƙafarsa, ya faɗi da bakinsa, in ban da wanda hankalinsa ya gushe, ko gigin tsufa ya kama shi, ko ciwo ya kwantar da shi har ya kasa rarrabe riba da hasara. Irin wannan mutum akan yi masa hajru, watau a hana shi tasarrufi da dukiyarsa, a sa wani ya tsaya masa. Wanda aka yi wa hajrun shi ne mahjuri. Wanda alƙali ya naɗa ya tsaya masa shi ne muƙaddami. Wasiyyi kuwa uba ke naɗa shi ta hanyar wasiyya. Tushen wannan hukunci yana cikin Suratun Nisa'i, aya ta 5 da ta 6, inda aka hana danƙa dukiya ga wanda ba ya iya tattalinta, aka yi umurni da ciyar da shi da tufatar da shi daga cikinta, da kafa shaidu ranar mayarwa. Haka kuma Suratul Baƙara, aya ta 282, ta tabbatar da tsayuwar waliyyi a madadin mai rauni cikin sha'anin bashi.

Manufar maƙalar ita ce amsa tambayoyi uku: wane ne ke da ikon ɗaga ƙara idan muƙaddami ya karkace, wace kotu ce ke da hurumin saurare, kuma mene ne abin da za a iya ƙwatowa.

2.0 Waiwaye Kan Ra'ayoyin Magabata

2.1 Fuƙaha'u sun yi saɓani tun a kan asalin hajrun baligi. Imamu Abu Hanifa (ya rasu 767) bai yarda a yi wa ɗa baligi mai hankali hajru saboda wauta da almubazzaranci ba, yana ganin cutar da ke cikin tauye mutuncinsa ta fi cutar salwantar dukiyarsa, har ya ce a miƙa masa abinsa in ya cika shekara 25 ko da shiriyarsa ba ta bayyana ba. Almajiransa biyu, Abu Yusuf da Muhammadu Shaibani, sun saɓa masa, kuma Imamu Malik (ya rasu 795) da Shafi'i da Ahmad duk sun tafi bisa halaccin hajrun. A cikin mazhabar Malikiyya ma akwai saɓani tsakanin Malik da almajirinsa Ibnul Ƙasim (ya rasu 806) kan cinikin wawan da ba a riga an yi masa hajru ba: Malik ya zartar da shi, domin a wurinsa hukuncin alƙali ne sababin hani, Ibnul Ƙasim kuwa ya mayar da shi, domin a wurinsa wautar kanta ce sababi.

Littattafan da alƙalan ƙasar Hausa suka dogara da su, watau Risala ta Ibnu Abi Zaid (ya rasu 996), da Muhtasar na Halilu ɗan Ishaƙa na ƙarni na 14, da Tabsira ta Ibnu Farhun (ya rasu 1397), da Tuhfa ta Ibnu Asim (ya rasu 1426), sun fi tsawaita magana kan maraya da wasiyyinsa, sa'an nan su riskar da wawa da mahaukaci ga maraya, su riskar da muƙaddami ga wasiyyi a galibin hukunce-hukunce. Wannan fiƙihu ba baƙo ba ne a Katsina, domin Ahmad Baba na Tumbuktu ya ambaci Aida Ahmad Attazakhti a matsayin wanda ya riƙe alƙalancin birnin har ya rasu wajen 1529.

2.2 Marubutan zamanin Turawa, kamar Ruxton wanda ya taƙaita Muhtasar da Ingilishi a 1916 domin amfanin ma'aikatan mulki, da Anderson wanda ya wallafa nazarinsa kan shari'ar Musulunci a Afirka a 1954, da kuma na bayansu irin su Philip Ostien wanda ya tattara dokokin jihohin da suka faɗaɗa aiki da shari'a daga 1999 zuwa 2006, sun fi karkata ga tsarin kotuna da aure da gado da hukuncin laifuka. Babin hajrun baligi bai sami irin wannan kulawa ba.

2.3 Ra'ayi na uku shi ne na masu fafutukar haƙƙin naƙasassu, wanda ya tattaru cikin Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006, wadda Nijeriya ta tabbatar a 2010. Sashe na 12 na yarjejeniyar ya shar'anta cewa duk matakin da zai taɓa ikon mutum na tasarrufi ya zama gwargwadon buƙata, na ɗan lokaci, kuɓutacce daga son zuciyar mai tsayawa, kuma wata hukuma mai zaman kanta ta riƙa sake duba shi a kai a kai. Mai lura zai ga cewa tsoron da ya kama Abu Hanifa shi ne ya sake bayyana a nan.

3.0 Hanyar Nazari

An bi hanyar gwama nassi da nassi: a ɗauko hukunci daga littattafan mazhaba, a nemi takwaransa cikin dokar ƙasa, sa'an nan a ɗora su duka bisa mas'ala guda ta ƙaddarawa, kamar yadda fuƙaha'u suka saba. An zaɓi Ƙofar Guga, wadda ke fuskantar hanyar Jibiya da Maraɗi, saboda ta haɗa nau'o'in dukiyar da rigima ta fi aukuwa a kansu: tsofaffin gidajen gado daga cikin ganuwa, da shagunan haya a bakin titi, da gonakin bayan gari waɗanda bunƙasar birni ta mayar da su filayen gini masu tsada.

Ga surar mas'alar. Mu ƙaddara wani dattijo, tsohon ma'aikacin gwamnati mai karɓar fansho, yana da gidan zama kusa da ƙofar, da shaguna uku, da gona a bayan ganuwa. Ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same shi, hankalinsa ya raunana, 'ya'yansa kuwa ƙanana ne, sai kotu ta naɗa ƙanensa muƙaddami. Bayan 'yan shekaru sai aka wayi gari katin bankin dattijon yana aljihun ƙanen, yana cire fansho wurin masu POS ba rasidi ba rubutu. Kuɗin haya yana shiga hannunsa ba lissafi. Gonar an yanka ta filaye an sayar ta hannun dillali, har wasu masu saye sun aza harsashi. Shago ɗaya kuma ya koma mallakar matar muƙaddamin bisa farashin da bai kai rabin ƙimarsa ba. Shi kuwa mai dukiyar, maganinsa ya yanke, uwargidansa tana sayar da kayan ɗakinta domin cefane.

4.0 Hanyoyin Ƙwato Haƙƙi

4.1 Mai ikon ɗaga ƙara

Matsala ta farko ita ce wanda aka zalunta ba ya iya tsayuwa gaban alƙali, wanda doka ta sa ya tsaya masa kuwa shi ne abin tuhuma. Fiƙihu ya warware wannan ƙulli ta fuska biyu. Ta farko, dukiyar mai rauni tana cikin abubuwan da ake ɗaga maganarsu ta hanyar hisba, saboda haka uwargida, ko ɗiya mai aure a wani gari, ko maƙwabci, ko limamin unguwa, ko mai unguwa, kowannensu yana iya kai labari ga alƙali ko da ba shi da rabo cikin dukiyar. Ta biyu, wadda ta fi ƙarfi, ita ce Halilu ya zayyana a babin alƙalanci cewa sabon alƙali zai fara da duba waɗanda ke tsare, sa'an nan wasiyyai da dukiyar da ke hannunsu, kafin ya juya ga sauran masu husuma, kuma ya sa a yi shela a hana mu'amala da maraya da wawa, a kawo al'amarinsu gare shi. Ma'anar wannan jeri ita ce binciken muƙaddami aikin alƙali ne na asali, wanda ba ya jiran sammaci ko mai ƙara.

A ɓangaren dokar ƙasa, Ƙa'idojin Tabbatar da Haƙƙin Ɗan Adam na 2009 sun ba da damar wani ya shigar da ƙara a madadin wani, sun kuma hana kotu korar irin wannan ƙara da hujjar cewa mai shigarwa ba shi ne abin ya shafa ba. Mara hali yana iya neman lauya kyauta daga Hukumar Ba da Agajin Shari'a, wadda aka kafa tun 1976.

4.2 Kotun da ke da hurumi

Halilu ya keɓe wa alƙalai hukunci kan shiriya da wauta da wasiyya da dukiyar maraya, saboda haka sulhun zaure ko na fadar hakimi, ko da yake yana da amfani wajen kwantar da husumar dangi, ba ya tsige muƙaddami, ba ya kuma yafe masa abin da ya ci, domin babu mai ikon yafe dukiyar mahjuri. A Jihar Katsina, wadda aka ƙirƙira a 1987, kotunan shari'a sun maye gurbin kotunan yanki a shekarar 2000, kuma kotun da ta yi naɗi ita ce farkon wurin da za a nufa. Sashe na 277(2)(d) na Tsarin Mulki ya ba Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a hurumi kan duk mas'alar da ta shafi yaro, ko almubazzari, ko mai taɓin hankali Musulmi, da kuma ciyarwa da waliccin Musulmi mai raunin jiki ko na hankali. Daga nan sashe na 244 ya buɗe hanya zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya, sa'an nan Kotun Ƙoli.

Amma fa akwai wani tarnaƙi da ya kamata mai ƙara ya sani tun da wuri. Kotun Ƙoli ta yanke, a shari'ar Magaji da Matari ta shekarar 2000, cewa rigimar mallakar ƙasa tsantsa ba ta cikin hurumin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a. Haka kuma sashe na 39 na Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ya keɓe wa Babbar Kotun Jiha shari'ar filin da ke ƙarƙashin haƙƙin mallaka na gwamna. Sakamakon haka, mas'alarmu tana iya rabuwa gida biyu: tsigewa da muhasaba a kotun shari'a, ƙwato fili daga hannun mai saye a Babbar Kotu. Hikima ita ce a fara samun hukuncin da ya tabbatar da hajru da ha'incin muƙaddami, sa'an nan a riƙe shi hujja a ƙara ta biyu.

4.3 Muhasaba

Muhasaba ita ce uwar sauran hanyoyin, domin ba a tsige mutum ko a ɗora masa biya sai an san abin da ya karɓa da abin da ya fitar. Muƙaddami amintacce ne a asali, amma amincinsa yana da iyaka. Risala ta ɗora wa waliyyi kawo shaida cewa ya ciyar ko ya mayar da dukiya, sai fa in wanda ake riƙo yana zaune a hannunsa, to, a nan akan gaskata shi cikin abin da ya yi kama da gaskiya bisa al'ada. Muhtasar ma ya karɓi maganarsa kan gwargwadon ciyarwa, bai karɓe ta kan da'awar mayar da dukiya ba. A mas'alarmu dattijon yana gidansa, uwargidansa ke jinyarsa, saboda haka da'awar ƙanen cewa fansho ya ƙare a magani da abinci ba ta wadatar ba sai da hujja.

Zamani ya sauƙaƙa wannan aiki ta wata fuska. Kotu tana iya neman banki ya kawo bayanin shige da ficen asusu, a ga ranar da aka cire kowane kuɗi da wurin da aka cire shi. 'Yan haya su yi shaidar abin da suka biya da wanda suka ba. Dillali da shaidun takardar ciniki su faɗi farashin gaskiya. Bayan haka a yi wa muƙaddami i'izari, a tambaye shi ko yana da sauran hujja, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Dangane da ladan aikinsa kuwa, aya ta 6 ta Suratun Nisa'i ta umurci mawadaci da kamewa, ta yi wa mabuƙaci rangwamen ci gwargwadon abin da aka sani. Abin da ya fi kuɓutarwa shi ne alƙali ya yanka masa lada sananne, duk abin da ya ɗauka bayan wannan a lissafa shi bashi.

4.4 Tsigewa da sa mai sa ido

Sharuɗɗan mai riƙon dukiya su ne Musulunci da balaga da hankali da adalci da iya aiki. Risala ta ce wasiyyin da ba amintacce ba tsige shi ake yi, Muhtasar kuma ya sanya aukuwar fasiƙanci bayan naɗi sababin tsigewa. In haka ne hukuncin wanda uba ya zaɓa da kansa, to, muƙaddami ya fi cancanta da shi, tun da ikonsa reshe ne na ikon alƙali, kuma wanda ya naɗa yana da ikon tuɓewa. Wajibi ne a bambanta ha'inci da gazawa: maha'inci cire shi ake yi, wanda kuwa amincinsa tabbatacce ne amma aikin ya fi ƙarfinsa, ana iya haɗa shi da wani, ko a sa masa mushrifi, watau mai sa ido wanda ba a zartar da babban tasarrufi sai da saninsa. Kafin a kammala shari'a, kotu tana da ikon dakatar da hannun muƙaddami, ta karɓe katin banki da takardun filaye, ta umurci 'yan haya su riƙa biya ta hannun rajistara, ta kuma yanka wa mara lafiya da iyalinsa abin ciyarwa nan take, domin jinya ba ta jiran ranar hukunci.

4.5 Lamuni

Ƙa'idar ita ce amintacce ba ya biyan abin da ya salwanta sai in ya yi ta'addi ko sakaci. In gobara ta cinye shago, ko fari ya kashe amfanin gona, babu kome a kansa. In kuwa ya cuɗanya kuɗin mahjuri da nasa ya ci, ko ya ba da su bashi ga wanda ba ya biya, ko ya bar gini ya rushe alhali akwai kuɗin gyara, to, hannunsa ya tashi daga hannun amana ya koma hannun lamuni, sai ya biya kwatankwacin abin da ke da kwatankwaci, da ƙimar abin da ake yi wa ƙima. Bashin yana bin dukiyarsa ta kansa: a sayar da kadararsa a biya, in ya ɓoye dukiya yana taurin bashi a tsare shi har ya fito da ita, in ya mutu a fitar daga abin da ya bari kafin rabon gado.

4.6 Warware ciniki

Fiƙihu ya tsananta kan sayar da gida da gona fiye da sauran kaya. Halilu ya ƙididdige sababban da ke halatta shi, daga cikinsu akwai buƙatar ciyarwa ko biyan bashi, da samun farashi mai tsoka wanda ya zarce na kasuwa, da ƙarancin amfanin kadarar, da mugun maƙwabci, da tsoron rushewa alhali babu kuɗin gyara. Ya kuma shar'anta, idan hukuma ce mai sayarwa, a tabbatar da mallaka, a tabbatar wannan kadara ce ta fi dacewa a sayar, shaidu su kewaya iyakokinta, a baje ta a kasuwa har a rasa mai ƙari, kuma farashin ya zama daidai. Gonar da aka yanka a ɓoye, alhali fansho da haya suna isar ciyarwa, ba ta cika ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Shagon da ya koma hannun matar muƙaddami kuwa yana ƙarƙashin tuhumar saya wa kai, wanda alƙali ke bin diddiginsa, kuma kamunga mai yawa cikin cinikin wanda ke sayarwa a madadin wani sababi ne na mayar da ciniki.

Saura haƙƙin wanda ya saya bisa rashin sani har ya yi gini. Risala ta tsara masa mafita hawa uku: mai ƙasa ya biya shi ƙimar gininsa a tsaye, in ya ƙi, mai gini ya biya ƙimar fili, in shi ma ya ƙi, su zama abokan tarayya gwargwadon ƙimar abin kowa. Wanda ya saya yana sane kuwa, hukuncinsa na maƙwaci ne. A mas'alar mahjuri alƙali ne zai zaɓa masa abin da ya fi maslaha, mai saye kuma ya koma kan muƙaddami da kuɗinsa. Hujjar hauzi, watau shekara 10 tsakanin bare da bare, ko 40 tsakanin dangi, ba ta cin mahjuri, domin sharaɗinta mai abu ya yi shiru yana gani ba tare da wani hani ba, hajru kuwa hani ne. Ta fuskar dokar ƙasa, sashe na 22 da na 26 na dokar 1978 sun ɓata duk musayar haƙƙin mallaka na gwamna da aka yi ba da yardarsa ba.

4.7 Ta'aziri

Ha'inci ba sata ba ne a ma'aunin haddi, domin dukiyar an danƙa ta ne a hannun maha'incin, saboda haka horonsa ta'aziri ne bisa ganin alƙali. Dokar Final Kod ta Arewa ta 1959 ta bayyana laifin cin amana a sashe na 311, ta yanka masa a sashe na 312 ɗaurin da zai iya kaiwa shekara 7, ko tara, ko duka biyu, kuma dokokin laifuka da jihohi suka sake tsarawa daga baya sun riƙe wannan laifi. Sai dai ɗauri ba ya sayen magani, kuma sau da yawa dangi sukan janye da zarar sun ji maganar 'yan sanda, don gudun a ce sun ɗaure ɗan'uwa. Saboda haka ya fi dacewa a gabatar da ƙwato dukiya, a ajiye tuhumar laifi ga wanda ya yi jabun takarda ko ya ƙi bin umurnin kotu.

4.8 Kare jiki da ɗage hajru

Ɓarnar muƙaddami ba ta tsaya ga dukiya ba, domin wani yakan kulle mara lafiya, ko ya kai shi gidan mari, don kada a ji bakinsa. Abin da 'yan sanda suka tarar a irin waɗannan gidaje a Daura da Katsina cikin Oktoba 2019 ya isa shaida kan haɗarin. Sashe na 34 da na 35 na Tsarin Mulki sun kare mutunci da 'yancin walwala, sashe na 46 ya ba Babbar Kotu ikon umurni da saki, kuma Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda aka sa wa hannu a Janairu 2023, ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. Hajrun mai taɓin hankali a fiƙihu iyakarsa farfaɗowa, na wawa kuwa bayyanar shiriya. In likita da shaidu sun tabbatar da sauƙi, muƙaddami kuma ya ƙi sakin dukiya, alƙali ne zai raba gardama.

5.0 Inda Giɓin Yake

Duk hanyoyin da aka zayyana suna komawa ga tambaya guda: me aka danƙa masa? In takardar naɗi ba ta ƙunshi jerin kadarori da adadin kuɗin asusu da na haya ba, muhasaba takan koma musu da rantsuwa, shaidu kuwa suna mutuwa, 'yan haya suna tashi. Giɓi na biyu shi ne yawancin masu riƙon dukiyar marasa lafiya ba kotu ce ta naɗa su ba, dangi ne suka miƙa wa babban wa ko baffa bisa al'ada, alhali a mazhaba walicci na uba ne, sa'an nan wasiyyinsa, sa'an nan hukuma, kuma wanda lalura ta same shi bayan ya balaga ya shiryu, al'amarinsa na alƙali ne kai tsaye.

Wannan matsala ba ta ƙasar Hausa kaɗai ba ce. A Amurka, ofishin binciken kuɗi na majalisar dokoki ya ba da rahoto a 2010 cewa cikin shari'o'i 20 da ya bincika, masu riƙo sun ci dala miliyan 5.4 daga hannun mutum 158. A Ingila, dokar 2005 ta kafa kotu ta musamman da ofishin mai sa ido na gwamnati, inda wanda aka naɗa kan dukiya ke ba da rahoto kowace shekara, ya kuma ajiye lamunin da za a biya daga ciki in ya ɓarnatar. Misalin da ya fi kusa da mu shi ne na Maroko, ƙasar Malikawa, wadda dokarta ta iyali ta 2004 ta wajabta ƙididdige dukiya, da lissafin shekara-shekara, da neman izinin alƙali kafin sayar da kadarar da ta wuce dirhami 10,000. Maroko ba ta fita daga mazhaba ba, abin da ta yi shi ne ta sa wa hukuncin Halilu wa'adi da takarda.

6.0 Shawarwari

(a) Alƙalin Alƙalai ya fitar da umurnin aiki da zai hana ba da takardar naɗi sai an haɗa ta da ƙididdigar dukiya mai sa hannun shaidu biyu da mai unguwa.

(b) Kowace kotun shari'a ta buɗe rajistar mahjurai, muƙaddami ya kawo lissafi sau ɗaya a shekara, sufetocin kotuna su riƙa duba rajistar, sabon alƙali kuma ya fara da ita.

(c) A raba asusun mahjuri da na muƙaddami, a iyakance abin da ake cirewa a wata, a kuma nemi mai tsaya wa muƙaddami wanda zai lamunci hasara.

(d) Kada a sayar da gida ko gona ko a jinginar da su sai da izinin kotu a rubuce, bayan shela da ƙimantawa, a kuma sanar da ofishin filaye duk kadarar da ke ƙarƙashin hajru.

(e) Hajru ya dogara bisa shaidar likita, a ji ta bakin mai lalurar gwargwadon iyawarsa, a taƙaita hanin ga abin da ya gaza a kansa, a sake dubawa bayan wa'adi.

7.0 Kammalawa

An ga cewa kowane Musulmi yana iya ɗaga maganar mahjuri, cewa kotun da ta yi naɗi ita ce mafarin ƙara ko da yake rigimar fili tana iya kaiwa Babbar Kotu, kuma cewa ana iya tsige muƙaddami, a ɗora masa biya, a warware cinikinsa, a hore shi. Abin da ya rage aiki ne na gudanarwa, wanda galibinsa ba ya buƙatar sabuwar doka daga majalisa, tun da nassin mazhaba ya riga ya ɗora wa alƙali duba masu riƙo kafin sauraren masu husuma. Kotun da ta naɗa muƙaddami ba ta sauke nauyi da naɗin ba, wakili kawai ta yi, kuma alhakin abin da wakilin ya aikata yana komawa gare ta muddin ba ta bincike shi ba. Allah shi ne mafi sani.